Shekarar da Turdiali Ya Koyi Riƙon Fartanya

Shekara talatin da huɗu Turdiali ya yi yana jan bas tsakanin Rishton da Kokand. Ya san kowane rami na hanyar. Ya san tsohuwar da za ta shigo da kaza a ƙarƙashin mayafi ta rantse ba ta ɗauko komai ba. Abin da bai sani ba shi ne lambun da ke bayan ɗakinsa. Kullum ta gefensa yake wucewa in zai yi alwala, tumatirinsa da albasarsa yake ci, amma da za ka tsare shi ka ce ya nuna maka ganyen karas a cikin ciyawa, dariya zai yi ya ce ka tambayi Hojar.

Hojar matarsa ce. Tun tana amarya surukarta ta damƙa mata lambun, ita kuwa ta riƙe shi hannu bibbiyu. Ita ke tono, ita ke shuka, ita ke ƙulle iri a tsumma ta adana cikin wani tsohon gwangwanin shayi. 'Ya'ya biyu Allah ya ba su: Dilbar da ke aure a Namangan, da Sanjar da ke aiki a Tashkent. Bayan Turdiali ya ajiye tuƙi, aikinsa bai wuce zaman shan koren shayi da tsofaffin unguwa ba, sai gyaran rediyon da babu abin da ya same shi.

Cikin tsakiyar hunturun wata shekara, Hojar tana cire gurasa daga tanderu, ta yanke jiki ta faɗi. Mako uku ta yi a asibiti. Ta dawo gida ɓarinta na dama a shanye, ƙafa ba ta ɗaukarta, hannu ya lanƙwashe a kan cinya kamar ba nata ba. Likita ya ce a gode wa Allah harshen bai taɓu sosai ba. Turdiali ya ce shi ma abin da ya fara lura da shi ke nan, Hojar ta harare shi da idon da ke buɗewa da kyau.

Dilbar ta yi wata guda tana jinya. Ranar da za ta koma ta ce, "Baba, lambun nan a bar shi ya huta bana. Duk abin da kuke so akwai a kasuwa."

Ya ce to. Hojar ta juyar da fuska bango.

Kwanaki suka shuɗe. Ya lura duk sanda ya shigo mata da shayi, idonta na kan tagar da ke kallon lambu, inda babu abin gani sai dusar ƙanƙara da busassun karare. Wata safiya, ƙanƙarar rufin ɗaki ta fara narkewa tana ɗiga a bakin ƙofa, sai ta ce, "Baban Dilbar, miƙo min gwangwanin nan na saman kabad."

Ya sauko da shi. Ta sa ya kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Babu rubutu ko ɗaya a jikinsu.

"To yaya za a yi mutum ya gane wanne ne wanne?"

"Mai ido ai yana ganewa. Wannan mai gashi-gashin tumatir ne. Wancan mai santsi tattasai. Kar ka shinshina wancan, barkono ne."

Ya riga ya kai hanci. Ya yi atishawa sau huɗu a jere, ita kuwa ta yi dariya da rabin bakinta, dariyar farko tun ranar da ta faɗi. Wannan dariyar ce ta sa ya fita ya ɗebo ƙasa daga gindin katanga, ya gauraya da tsohon takin tumaki kamar yadda ta ce, ya cika kofuna da gwangwanaye, ya shuka irin, ya jera su a tagogin gidan. Bayan kwana tara, tsiron farko ya leƙo. Shi ya fara gani, ya shiga ɗaki da kofin a hannu kamar an yi masa haihuwa.

Da rana ta fara ɗumi sai ya riƙa ɗaukarta cak ya kai ta gadon katakon da ke tsakar gida, ya jingina ta da matasai, ya lulluɓe mata ƙafafu. Ya ba ta sandar mahaifinsa, wai don ta riƙa dogarawa. Ita kuwa ta mayar da ita abin nuni.

Aikin farko shi ne tone itatuwan inabi da rumman da aka kwantar aka binne saboda sanyi. Ya kama shebur ya kafa da ƙarfi.

"A hankali! Ba taya kake cirewa ba. Da hannu za ka yaye ƙasar in ka kusa kai."

Maƙwabcinsu Mamasoli, wanda suka yi makarantar firamare tare kuma bai taɓa wani aiki ba sai noma, ya ɗora haɓa a kan katanga.

"Ikon Allah! Direba, yau kai ne a ƙasa? Ina ka ajiye sitiyarin?"

"Yana hannun mai sanda," in ji Turdiali, yana nuna matarsa. "Ni yanzu yaron mota ne."

"To Allah ya ba ka haƙuri. Hojar, kar ki raga masa. Shekara talatin yana zuba mana ƙura a hanya bai taɓa tsayawa ba."

"Ai ba ka taɓa tsayawa a tasha ba, a tsakiyar titi kake ɗaga hannu kamar sarki."

Haka suka yi watan. Ya ɗaga inabin ya ɗaure a rumfa. Ya yi kaftu da fartanya har tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya zama kanta. Da dare bayansa ba ya miƙuwa, da safe sai ya dafa bango kafin ya tashi. A nan ne ya fara mamakin yadda mace ɗaya ta yi wannan aikin shekara arba'in, ga girki, ga wanki, ga goyo, bai taɓa ji ta ce wash ba. Bai faɗa mata ba. Sai dai ya fara ƙara mata zuma a shayi.

A kusurwar lambun tafarnuwa ta fito kore shar, layi huɗu a miƙe. Hojar ce ta shuka ta da hannunta kafin sanyi ya shigo. Ta daɗe tana kallonta ranar da ya share busasshen ganyen da ya rufe ta.

Suka shuka abin da ba ya tsoron sanyi: albasa, karas, dankali. Ranar bikin Nauruz, na shigowar bazara, matan unguwa suka kawo mata kwanon kunun tsiron alkama, suka zauna suna yaba kunyoyin Turdiali, suna ƙunshe dariya, don babu biyu da suka yi daidai da juna.

Farkon watan Afrilu aka yi mako guda na zafi kamar an shiga rani. Dashen tumatirin da ke taga ya kai tsawon tafin hannu. Mamasoli ya dasa nasa kaf, ya leƙo ta katanga.

"Naku a ɗaki zai yi 'ya'ya? Ko sai an yi masa gado da katifa?"

Turdiali ya je ya sami matarsa. "Mutane fa duk sun dasa."

"Bar su. Dubi bishiyar tut ta ƙofar gida. Ta buɗe ganye?"

"Ba ta buɗe ba."

"To ita ba ta yarda ba, ni ma ban yarda ba. Duk itatuwan garin nan ana ruɗarsu da rana, ban da ita."

Bai yi musu ba, amma abin na cinsa. Kwana biyu bayan haka Dilbar ta zo ta tafi da uwarta Kokand ganin likita, za su kwana biyu a gidan wata 'yar'uwa. Gida ya yi masa faɗi. Ya dubi sama babu gajimare ko ɗaya, ya dubi kunyoyin da ya gyara suna zaune haka nan. Ya ce a ransa bari ta dawo ta tarar an gama, ta san shi ma ya zama mutum. Ya zaɓi manya-manyan, masu kaurin kara, guda arba'in, ya dasa, ya shayar da su da buta ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan da ya raina ya bar su a tagar kicin.

Da suka dawo ya ɗauke ta ya kai ta gadon katako, ya tsaya gefe yana jira. Ta dubi layukan tumatir tun daga farko har ƙarshe. Ta ɗaga kai ta dubi tut ta saman katanga.

"Sannu da aiki, Baban Dilbar," kawai ta ce.

Kwana uku komai lafiya. A na huɗu ya fito zai tafi sallar asuba ya ji iska ta sauya, tana yankar kunne. Ruwan buta ya yi fatar ƙanƙara a sama. Yana dawowa daga masallaci, gari ya fara haske, ya wuce lambu kai tsaye. Raɓa ta daskare fari fat a kan kunyoyin. Kafin hantsi duk arba'in ɗin sun yi baƙi sun kwanta kamar an zuba musu tafasasshen ruwa.

Ya daɗe a tsugune. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu bai taɓa buge ko akuya ba, yau ya kashe aikin wata biyu a yini ɗaya. Da ƙyar ya iya shiga ɗaki.

"Hojar, sun mutu. Duka."

"Na sani. Tun cikin barci ƙafata ta gaya min."

"Ki yi faɗan mana. Shirun nan ya fi ciwo."

"Faɗan me? Zauna." Ya zauna a bakin katifa. "Shekarar da na haifi Dilbar ni ma haka na yi. Guda sittin. Mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, tana zaune tana kallona ina dasawa, ba ta ce uffan ba. Da suka mutu na shiga bayan tanderu na yi ta kuka. Ta zo ta ce, yanzu kin sani, ba sai an ƙara gaya miki ba."

"Ban taɓa jin wannan ba."

"Ina za ka ji? Kana Kokand. Tashi ka ƙirga na tagar kicin."

Ashirin da uku ne, sirara, wasu ko ganye huɗu ba su cika ba. Ta ce sun isa.

Da la'asar sai ga Mamasoli, wannan karon ta ƙofa, hula a hannu. Ya gaida Hojar, ya tambayi jiki, ya yi zancen tsadar taki, ya yi zancen jikarsa da ta fara haƙori. Sai da ya sha shayi kofi biyu sannan ya ce, "Wato... ko akwai ɗan ragowar dashe?"

Turdiali ya gyara zama. "Wane dashe? Wanda ake yi wa gado da katifa?"

"Kai dai yi shiru, ai na ga naka ta katanga. Jirgi ɗaya ya kwaso mu."

"Ni sabon shiga ne. Kai fa, shekara sittin?"

"Ba shi takwas," in ji Hojar. "Amma ba yau ba. In na ba shi yau, gobe zai kai su ga halaka."

Bayan kwana goma sha ɗaya tut ta buɗe ganye, ƙanana kamar kunnen ɓera. Ranar Hojar ta ce ba za ta zauna a gadon katako ba. Ya shimfiɗa mata tsohon bargo a bakin kunya ya zaunar da ita. Shi yana haƙa rami, ita tana juye kofi da hannun hagu ta zare dashen da ƙasarsa, ta sa a rami, ta danna gindin da babban yatsa. In sun gama uku sai ya ja bargon gaba da ita a kai. Guda goma sha biyar suka cinye musu yini.

Washegari kokwamba. Da ma likita ya ba ta wata ƙwallon roba ta riƙa matsawa da hannun da ya shanye, ta jefa ta bayan kabad ta ce ita ba yarinya ba ce. Amma ranar ta ce ya zuba mata irin a tafin hannun dama. Ya buɗe yatsun a hankali ya zuba. Ta kai hannun bakin rami da taimakon na hagu, ta tsaya tana kallonsa, gumi na tsattsafo mata a goshi. Yatsa biyu suka motsa. Iri bakwai suka zube a ramin da ake son uku.

"Tsince huɗu," ta ce.

Ya tsince. Bai yarda ya ɗago kai ba sai da idonsa ya bushe.

Hannun bai dawo kamar da ba, har yau. Amma kafin tumatirin ya nuna tana iya riƙe kofin shayi, kuma tana kaiwa ƙarshen lambu da sanda in ya riƙe mata kafaɗa. Goma sha biyar ɗin nan sun yi 'ya'ya har sai da aka kafa musu karare. Sanjar ya zo hutu ya koma da kwali biyu, Dilbar ta cika kwalabe ashirin ta adana don hunturu.

Yanzu Turdiali yana da shekara saba'in da ɗaya. Ba kasafai ake ganinsa wurin shan shayi ba in lokacin shuka ya zo. Ranar da layinsu ke samun ruwa daga magudanar unguwa, shi ne farkon fita da fartanya a kafaɗa, wando a naɗe, yana jayayya da Mamasoli a kan wanda zai fara buɗewa. Bana ya ce zai gwada kankana a gefen katanga. Hojar ta ce wurin ba ya samun rana. Ya ce zai gwada duk da haka, ta ce to ya gwada.