Abin da Yaya Sule Ya Je Nema a Kotu

Shekara bakwai ke nan da aka kai Yaya Sule makwancinsa, amma har yau in na ratsa kasuwar Lafia sai na ji wata ta raɗa wa wata, "Ƙanwar mai shari'ar kare ce." A da nakan tsaya in mayar da martani, don ni Talatu ba a taɓa ni in yi shiru. Yanzu amsa sunan nake yi.

Yaya ma'aikacin asibitin dabbobi ne. Da aka ba mu jiha, gari ya cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Jos, wasu da manyan karnukansu. Tare da su Yaya ya kafa ƙungiyar masu kiwon karnuka. Duk shekara sukan yi gasa, a duba lafiyar kare da biyayyarsa, a ba da kofi. Nasa karen baƙi ne wuluk, sunansa Duna. A gidanmu ba mai son wannan harka. Inna har ta rasu tana mitar ya rasa abin kiwo sai kare.

A wata gasa Duna ya tsinke sarƙa ya cafki ƙafar wani ɗan ƙungiya, Mista Agbo, malamin makaranta. Yaya da kansa ya kai shi asibiti. A makon nan Inna ta cika, muka tafi garinmu Awe zaman makoki. Muna can kwamitin ladabtarwa ya zauna, ya kori Yaya daga ƙungiyar har abada. Ba wanda ya aika masa. A bakin mahaucin da yake sayen ƙashi a wurinsa ya ji labari.

Ya nemi su sake zama, suka ce magana ta ƙare. Sai ya ɗauki lauya. Wallahi na yi faɗa kamar zan ci babu. Na ce, "Haba Yaya, da girmanka da furfurarka, a kan kare?" Ya ce, "Ba a kan kare ba ne." Ni kuwa ban gane ba.

Shari'a ta ja shekaru. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe lauya ba lafiya. Duna ya tsufa ya mutu, ciwon suga ya fara cin idon Yaya, abokai suka janye jiki. Lauyansa ya tara shaidu da za su rantse Mista Agbo ne ya taka wutsiyar karen. Mu duka mun ɗauka wanke kansa yake so ya yi. Daga ƙarshe kotu ta ce ita ba ta wanke kowa ba, amma ba a hukunta mutum ba tare da an ji ta bakinsa ba, don haka kwamiti ya sake zama da shi.

Ni na riƙe masa hannu zuwa wurin, don ba ya gani sosai. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Ciyaman ya ce, "Malam Sule, kotu ta ce mu ji ka. To, muna ji." Yaya ya miƙe ya ce, "Ba wanda ya taka wutsiyar Duna. Sarƙar ta cinye, na gani tun da safe, na ce za ta kai yamma. Laifina ne. Mista Agbo, ka yafe mini a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a aka ji maka ciwo." Lauya ya dafe kai.

Mista Agbo ya tashi da ɗingishinsa ya rungume shi. Kwamiti ya yi shawara, ya sake korarsa, don haka dokarsu ta ce. Yaya ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya. A hanya na kasa haƙuri, na ce duk wahalar nan don a sake korarka? Ya yi dariya, ya ce, "Yau ne aka kore ni, Talatu. Wancan karon ba da ni aka yi ba." Bai ga damina ta gaba ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Waya ta shiga hannun kowa, kiran mutum ya fi komai sauƙi, amma ƙungiyar 'yan acaba ko ta 'yan kasuwa sai ta dakatar da mutum da saƙon tes, ya farka ya gani. Na san ransa zai ɓaci, kuma na san da lalube zai je ya tsaya wa mutumin, ko da shi ne mai laifi.

Ƙungiyar karnukan ta watse tuni, kofunan Duna sun yi tsatsa a ɗakin matarsa. Bai bar gida mai bene ba, bai ci shari'ar da mutane suka zata yana yi ba. Ina kewarsa ƙwarai. Yanzu ina cikin shugabannin ƙungiyarmu ta mata masu sayar da gishiri. Kwanan baya aka kawo ƙarar wata, kowa ya san ta yi abin, ana ta cewa a yanke kawai a tashi, rana ta yi. Na duba kujerarta ba kowa. Na ce ba inda za mu sai an kira ta.

Allah ya jiƙanka, Yaya.