Yadda Aka Raba Kumatu da Ƙahonsa

Ɗan ƙanena ne, amma a hannuna ya tashi, don uwarsa ta rasu yana rarrafe. Ni na laƙaba masa Kumatu, saboda tun yana ƙarami duk abin da ya gani mai rami sai ya kai baki ya busa, ko kwalba ce ko bakin buta. Da ya girma ya ce zai shiga soja, na ce, "Kai da ko kaza ba ka iya kamawa?" Ya ce, "Gwaggo, ba harbi zan yi ba, busa zan yi." Na ce to madalla, gara a riƙa biyan ka, tunda ka daɗe kana kashe mana kunne a banza.

Aka sa shi cikin 'yan badujala, masu kiɗa da busa a gaban fareti. Aka ba shi babban ƙahon nan na tagulla wanda mutum ke shiga cikinsa kamar riga, bakinsa a wangale bisa kai sai ka ce kwanon wanka. Guda ɗaya ne tak a barikin. In ya busa shi, a ciki kake jin sa kafin ya kai kunne, har kofunan da ke kan tebur su ɗauki rawa.

Da ya yi aure aka ba shi ciki da falo a layin ƙananan sojoji, sai ya je ya ɗauko ni. Falon nan kujera biyu gare shi, ɗaya ta baƙi, ɗaya ta ƙaho. Yana kwance a kanta lulluɓe da bargo, yaro bai isa ya raɓe shi ba. Matarsa takan ce, "Gwaggo, ƙahon nan ya fi mu shan mai." Gaskiyarta ce. Kullum da yamma sai ya zauna bakin ƙofa da tsumma yana goge shi har ka ga haƙoranka a jiki.

Jiki kuwa gado ne, mu duk danginmu ba mu da siriri. Ga shi kuma duk liyafar da manyan hafsoshi za su yi, su ake kira su yi kiɗa, in an watse a tura musu ragowar tukwane. Kumatu ba ya iya ganin abinci zai tafi bola. A hankali tela ya yi ta buɗa masa kaki har ya rasa inda zai buɗa. Ba wanda ya ce uffan. Kowa cewa yake babban ƙaho sai babban mutum.

Wata rana da ruwan sama suna saukowa daga babbar mota, santsi ya kwashe shi da ƙahon a wuya. Da wani ne da ya saki ƙarfe ya tare da hannu. Shi sai ya rungume ƙahon ya sauka kan gwiwa. Ya shigo gida yana jan ƙafa, gwiwar ta yi suntum kamar kan jariri, yana murna wai ko lotsawa ƙahon bai yi ba.

Na ce, "Tashi mu tafi asibiti."

Ya ce, "Gwaggo, ɗan badujala ba ya zuwa asibiti."

"Da ƙarfe aka ƙera ku?"

Sai ya zauna ya yi mini bayani. A cikinsu, duk wanda ya je gaban likita aka ba shi hutu, ran nan za a miƙa kayan busarsa ga na bayansa, don fareti ba ya jiran kowa. Kuma abin busa in ya shiga bakin wani, da wuya ya dawo. Akwai wani kofur da ya shekara da shekaru yana haɗiyar yawu a kan ƙahon nan. Saboda haka su da kansu suke jinyar junansu, da ruwan zafi da man zafi da bandeji, ba mai kai ƙara. Na ce wannan ai ba al'ada ba ce, wauta ce aka ɗinka mata kaki. Ya yi dariya, ya miƙo mini ƙafar na gasa masa.

Kumburi ya saɓe, amma gwiwa ba ta koma daidai ba. Wanda ya rufa masa asiri shi ne amininsa Mai Ganga, mai dukan babbar gangar da kowa ke taka ƙafa a kanta. Shi ne ya riƙa sassauta dukan kaɗan, yadda ba mai lura, don ƙafar Kumatu ta iya bi. Shekaru aka yi sojojin barikin nan kaf, da hafsoshinsu da tutocinsu, suna tafiya daidai gwiwar ɗan ƙanena ba su sani ba. In Mai Ganga ya zo shan shayi yakan ce, "Gwaggo, ɗanki ya mai da mu jerin masu raka amarya." Kumatu ya ce, "Kai dai hannunka ne ya tsufa, kar ka laƙa mini."

Ana nan sai aka kawo sabuwar doka daga sama. Kowane soja, da mai bindiga da mai busa da mai dafa abinci, sai ya hau sikeli, a zagaya cikinsa da igiyar awo, sannan ya yi gudu ya zagaye fili cikin lokacin da aka yanka. Wanda ya fāɗi a ba shi 'yan watanni ya gyara. In ya sake fāɗuwa, a sallame shi, ya bar gidan bariki, ya mai da duk abin da ke na hukuma. A awon farko igiyar ma da ƙyar ta haɗu. Kumatu ya dawo ya tsaya tsakiyar falo yana kallon kujerar nan, bai ko cire takalmi ba.

Sauran masu teɓa suka dinga fita gudu da sassafe. Shi ba gwiwar gudu, sai ya koma wa cikinsa da yaƙi. Ya daina cin shinkafa, ya daina burodi, ya koma ruwan zafi da ganye kamar akuya. Wani ya ce masa ya naɗe cikinsa da leda ya zauna a rana, ya yi. In ya tashi, zufa na tsiyaya ta ƙafar wando. Matarsa ta daina soya nama in yana gida, yara suka koma cin abinci a bayan ƙofa kamar ɓarayi.

Na ce masa, "Kai, yunwa ba ta ɗinke gwiwa. Je ka gaya wa likita gaskiya."

Ya ce, "In na faɗa yau, gobe ƙahon yana wuyan kofur."

"In ba ka faɗa ba fa, jibi yana wuyan wa?"

Ya ce, "Zan ci, Gwaggo. Ki dai yi mini addu'a."

Na yi masa addu'a, na kuma yi masa masifa, duk ba wadda na rage.

Ran awo na biyu mu mata muka taru bakin wayar shinge muna leƙe. Kafin a fara, likitan bariki ya bi layi yana tambayar kowa ko akwai mai ciwo ya fito. Ina gani ya tsaya gaban Kumatu, har ya dubi ƙafarsa. Kumatu ya ƙame ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe!" da ƙarfin da har mu muka ji. Matarsa ta damƙe mini hannu.

Aka busa usur. Mai Ganga, da ya riga ya ci nasa gudun, ya bi gefensa yana tafa masa hannu a hankali yadda ya saba yi masa da ganga, har wani saje ya daka masa tsawa ya koma. Agogo kuwa ba shi da amini. Zagayen farko ya yi shi da kyau. A na biyu, daidai kwana, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasa, ya kife. Ya tashi, ya sake kifewa. Ya ƙarasa yana jan ta, bayan kowa ya gama har an fara naɗe igiyoyi. Da ya hau sikeli kuma, duk yunwar nan da ya sha, saura kaɗan ya rage bai kai ba.

Washegari na yafa mayafina na tafi ofishin Samanja, babbansu. Masu gadi suka tare ni, na ce su matsa, ai na yi wa wanda ya fi su girma wanka. Na tarar da shi bayan tebur, fanka na kaɗa masa takardu.

Na ce, "Yaron nan a bakin aikinku ya ji ciwo, yana kare ƙarfenku."

Ya ce, "Zauna, Baba."

"Ban zo zama ba."

Ya cire hula ya shafa kai. Ya ce da ran da ya fāɗi daga mota ya je asibiti, da an san shi a matsayin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Da an yi masa magani, an ɗauke masa gudu, ko da zai bar aiki da ya bar shi da mutuncinsa da duk haƙƙinsa. Yanzu kuwa, a gaban likita, a gaban jama'a, da bakinsa ya ce lafiyarsa lau. Abin da hukuma ta sani kawai, soja ne mai ƙiba da ya kasa gudu.

Na ce, "Kai ba ka san yana ɗingishi ba?"

Ya mai da hularsa. Can ya ce, "Baba, ni ma busa na yi kafin in hau kujerar nan. Tun ran da gangar ta fara jinkiri na ji."

"Ka ji, ka yi shiru."

"Shirun nan a wurinmu taimako ne."

Na ce Allah ya raba mu da irin taimakonku. Na fito.

Ran da zai mai da kaya sito, ya kwashe safiya yana goge ƙahon. Ya saɓa shi ya tafi da sanda a ɗaya hannun, bai yarda kowa ya raka shi ba. Ya dawo kafaɗarsa ɗaya a sama, yadda nauyin ya saba karkata shi. Ƙaramar 'yarsa ta ce, "Baba, yanzu za mu iya zama a kujerar?" Ya ce, "Ku zauna."

Muka kwashe kaya muka koma ɗaki guda a bayan wani wurin yankan katako, inda injin ke kuka tun safe, garin katako na shiga har cikin ruwan sha. Nan ya samu gadin ƙofa, yana zaune kan benci yana buɗe wa motoci. Ba wanda ya sa shi, ba leda, ba ganye, jikin nan ya zube da kansa. Riga ta koma rataye a jikinsa kamar a ƙusa. In ya ji kiɗan fareti a rediyon wani, sai ya tashi ya zagaya bayan katakai.

An fi shekara sai ga Mai Ganga da yamma, da wani tsohon ƙaho a bayan mota. Ya ce masu kiɗan wani otal suna neman mai busa, a zaune ake yi, ba ruwansu da gwiwa ko sikeli. Ya aro wannan don Kumatu ya gwada. Na ga idon yaron nan ya kawo haske. Ya wanke hannu, ya shiga cikin ƙahon, ya gyara zama. Matarsa ta fito da ludayi a hannu, masu yankan katako suka kashe inji.

Ya sa baki ya busa. Iska ce kawai ta fito, fuuu, kamar tayar da ta sace. Ya lashe leɓe ya sake. Wani ɗan kuka ya fito ya karye a tsakiya. Ya sake, har jijiyar wuyansa ta tashi, hawaye suka zubo don wahala.

Mai Ganga ya ce, "Ƙahon ne, tsoho ne, ya yi tsatsa."

Kumatu ya taɓa bakinsa da yatsa. Ya ce, "Ba ƙahon ba ne. Leɓen ne ya mutu."

"Zai dawo, in ka riƙa yi kullum."

"Ya yi laushi kamar na jariri. Kai ma ka sani, a shekaruna ba ya dawowa."

Ya fito daga cikin ƙahon a hankali, ya goge inda bakinsa ya taɓa da gefen riga, ya kai shi mota da kansa. Mai Ganga ya tsaya yana ta juya makulli a hannu.

Wata mota ta yi oda a waje. Ya ɗauki sandarsa ya tafi buɗe ƙofa.