Ruwan da ya taru a ƙirjin Amumun

Mutanen Arlit sun san Amumun ɗan Lalla a matsayin tsohon direba mai tafiya a hankali. Kaɗan ne suka san cewa a ƙuruciyarsa babu wanda yake kamo shi a gudu a duk yankin Gougaram. Wannan kuwa a ƙarshen mulkin Faransawa ne, kafin a kafa garin Arlit, lokacin da nake koyarwa a makarantar 'ya'yan makiyaya.

Kowace shekara kumandan Faransawa yakan shirya tseren ƙafa a Agadas ranar bikinsu na watan Yuli, kuma Amumun ya riga ya saba da cinye shi. Sai a wani lokacin sanyi zazzaɓi ya kama shi. Bayan ya tashi, ƙirjinsa ya riƙa suka, ba ya iya kwanciya sai dai ya zauna ya sunkuya gaba. Aka ɗora shi a raƙumi zuwa Agadas. Likitan soja ya saurari ƙirjin, ya ce ruwa ne ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya. Ya zuƙe shi da allura, ya kuma hana shi gudu.

Da labari ya iso gida, kowa ya ruɗe.

"Yaron da yake yini bai kurɓi komai ba," in ji mahaifiyarsa Lalla, "ina ya samo ruwan ajiya?"

Ƙanenta Akoli, wanda horar da raƙuman tsere ce sana'arsa, ya ce, "Yaya, raƙumi in ruwa ya yi masa nauyi ba kwantar da shi ake yi ba, gumi ake sa shi. Wannan Bature ya taɓa kiwon ko akuya?"

Suka juyo gare ni, suka kira ni da sunan da ake kiran malamin boko da Faransanci. "Mushe, kai ne mai karatu." Na maimaita musu maganar likita, amma da Akoli ya tambaye ni ta wace ƙofa ruwan yake shiga, sai na ce masa ban sani ba.

Akoli ya fara fitar da ɗan 'yar'uwarsa da sassafe, shi a kan raƙumi, Amumun a ƙasa yana bin sa a guje. Abin da ya ƙara rikita mu shi ne, da farko saurayin ya yi kyau, har abinci ya ƙara ci. Kafin damina kuwa sukar ta dawo, aka sake komawa ga allura. A wannan karon Akoli ya bi su, ya sa tafinta ya tambayi dalilin dawowar ruwan. Likita ya ce shi ma bai da tabbas, amma gudu yana iya kashe yaron.

"To, kun ji!" in ji Akoli. "Bai sani ba, amma yana hanawa."

Ranar tsere Amumun ya shiga layi, ya cire takalmansa. Yana sunkuyawa don shirin tashi, sai ya lura numfashinsa ya fi sauƙi a sunkuye, kamar a kwanakin ciwo. Aka busa usur, kowa ya zabura, shi kuwa ya zauna a ƙasa ya mayar da takalmansa.

"Tashi, ɗan Lalla! Ƙaya ka taka?" samari suka yi ta ihu.

"Kawu, ka yi haƙuri," shi ne kawai abin da ya ce wa Akoli.

Bai sake gudu ba. Ya koyi tuƙi wurin Turawan da suke binciken duwatsu, ya yi aure, ya ga jikoki. Sai dai ruwan ya taɓa dawowa bayan shekaru, alhali ko sauri ba ya yi, ya kuma tafi da kansa.

Mun tsufa tare a Arlit. Wata rana muna shan shayi ya dube ni ya ce, "Mushe, tsakani da Allah, gudun ne ko ba gudun ba ne?"

Na ce masa har yanzu ban sani ba.