Layi Biyun da Injiniya Bai Rubuta Ba

A kamfanin jigilar kaya kowa Injiniya yake ce masa, har manaja. Shekara goma sha ɗaya yana kula da wani ɗaki mai sanyi a hawa na biyu, inda kwamfutoci uku suke karɓar saƙonnin rassa, su jera su, su miƙa wa sito da direbobi. Tsakaninsu akwai katangar tsaro, manhajar da ba ta barin saƙo ya wuce sai ta ƙofar da aka ba ta lambarta.

Duk lokacin da wuta ta ɗauke kwamfutocin suka sake tashi, kowacce sai ta zaɓi sabuwar ƙofa da kanta. Katangar ba ta san lambar ba, sai ta toshe. Saƙonni su taru, motoci su yi layi a bakin get, a kira Injiniya. Ya zo da jakarsa, ya buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya.

"Injiniya, ranar da ba ka nan ai sai mu koma tura kaya a baro," in ji manaja, ana dariya.

Maganin layi biyu ne a fayil ɗin saiti: a tsayar wa kowace kwamfuta lamba, a shaida wa katangar sau ɗaya. Ya san haka tun shekararsa ta biyu. Amma a shekarar aka sallami abokan aikinsa biyu a gabansa, sai ya ji tsoron ranar da za a daina nemansa. Bai rubuta ba. Daga nan bai ƙara yin tafiyar da ta wuce awa ɗaya ba.

Da yayansa ya kwanta ciwo a wani gari mai nisa, ana cikin sauya taransifomar unguwa, wuta tana ɗaukewa kullum.

"Baban yara, Yaya fa yana ta cigiyarka," matarsa ta ce.

"Su gama aikin wutar nan tukuna. Asabar."

Ranar Alhamis yayan ya rasu. Injiniya ya tafi jana'iza, washegari kwamfutocin suka tsaya. Wata ma'aikaciya daga wani reshe ta zo, ta duba, ta rubuta layi biyun.

Da ya dawo ta tarye shi da murna. "Baba, na tsayar maka da ƙofofin, ka huta da zirga-zirga. Kai ma dai, yaya aka yi wannan ya shige maka?"

"Bai shige mini ba, 'yata," ya ce.

Ba wanda ya sallame shi. Aka ba shi kula da rassa huɗu, ya ƙara shekara shida kafin ya yi ritaya. Bayan ritayar ne ya ba ni wannan labarin. Da na tambaye shi abin da yayan yake son faɗa masa, ya daɗe yana murza hularsa.

"Matarsa ta ce ba wata magana ba ce. Ganina kawai yake son yi."