Masu Fari Su Ɗaga Hannu

Shekarar da soja suka karɓi mulki ina ƙaramin ma'aikaci a biro, wato ofishin rabon filaye, a Yamai, ɗan Damagaram, alƙalami uku a aljihun riga, ga girman kai ya fi albashi. Fari ya koro mutane daga arewa, sun zube a bakin wani ƙauye kusa da Tondibia, samarin ƙauyen kuwa sun watse birni. Sai kapiten ɗin da aka ɗora mana ya ce a yanka filayen gida a ba waɗanda fari ya raba da komai, su zauna su raya ƙauyen. Ni aka aika in rubuto sunayensu.

An ce in tafi da tafinta, na ƙi, wai ni na iya Zabarmanci. Iyawar kuwa ba ta wuce gaisuwa da cinikin tumatir ba. Amma kullum ina jin Zabarmawa suna ta "fari, fari", sai na ɗauka wannan kalmar dai tamu ɗaya ce.

Na tsaya gindin gawo, na gyara murya na ce, "May no gonda fari?" A nufina, wa fari ya shafa.

Hannuwa suka tashi. Abin mamaki, duk masu manyan riguna ne, wuya ya yi kauri. Wani ya nuna mini yatsu huɗu. Na ce a raina, Allah sarki, fari huɗu a kan mutum ɗaya, na rubuta shi farko. Wasu biyu suka kusa dambe, kowa na rantsuwa wannan farin na ubansa ne. Ban taɓa ganin masu faɗa a kan masifa ba, amma na rubuta su duka.

Can gefe kuma ga wasu ramammu, duk wanda na tambaya sai ya ce "Ay sinda fari", ba ni da fari. Ni kuma in ce Allah ya ƙara karewa, in wuce. Cikinsu akwai wani tsoho da matarsa da jikoki, suna kwana ƙarƙashin tabarmi, damina kuma ta kusa. Tsohon nan ya ga duk wanda ya ce yana da fari shi ake rubutawa. Ya biyo ni har bakin mota, ya sunkuyar da kai ya ce yana da fari. Na ce, "Haba Baba, ai da tun ɗazu ka faɗa." Na sa shi a ƙarshen takarda, ya yi ta sa mini albarka.

Da na koma gida unguwar Maourey na ba Hajiya labari, ƴar Maraɗi da nake haya a gidanta, wadda ta tsufa cikin Zabarmawa. Ta yi dariya har ta zauna dirshan a ƙasa. Ta ce, "Ɗan nan, fari a bakinsu gona ce. Masu gonaki ka rubuto."

A wancan zamanin, kuskuren da bai kai wannan ba yana kai mutum inda rana ce kawai maƙwabciyarsa.

Da safe na shiga wurin kapiten na faɗi gaskiya. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya danna mata hatimi. Ya ce, "Ba a ɓata aikin gwamnati. Duk wanda ke cikin wannan takarda ba shi samun fili. Wanda ba ya ciki a ba shi. Fita."

Na fito ina murna, sai na tuna tsoho. Ƙarya ɗaya ya yi, kuma ni na sa shi, ga shi za ta hana shi gida.

Ranar rabo na ɓuya bayan mota da bakin aska, ina kankare sunansa a hankali kada takarda ta huje. Ina ɗaga kai na gan shi tsaye. Bai iya karatu ba, amma ya san layin ƙarshe nasa ne. Na yi ƙoƙarin bayani, Zabarmancin ya ƙare a gaisuwa. Ya tofar da yawu ya juya.

Ya samu filinsa, ya ɗora ɗaki kafin ruwan farko. Kowa ya zo sai ya ba shi labarin mugun Bahaushen da ya goge sunansa, da sojan kirki da ya share masa hawaye. Bayan na koyi yaren sosai na je har ƙofar gidan da goro, don abin yana ci mini rai. Ya leƙo, ya gane ni, ya ce wa matarsa ta shigar da kaji.