Curin Gawayin Damina

Innata tana yin curin gawayi. Garin da ke taruwa a gindin buhunan masu gawayi take saye, ta tankaɗe, ta kwaɓa da kunun sitacin rogo, ta dura a guntun bututun ƙarfe ta danne da taɓarya. Aikina, in na dawo daga makaranta, in jera curin a kan tsohon kwanon rufi a tsakar gidanmu na Nasarawo, in riƙa juya su. Da rani kwana uku ya ishe su bushewa.

A tsakiyar daminar bara wata mata ta zo a keke Napep. 'Yar kudancin Gombe ce, tana da gidan abinci a unguwar Federal Low-Cost, kowa Madam yake ce mata. Ranar Asabar za ta yi girkin biki a cocinsu.

"Maman yara, gas ya kashe ni," in ji ta. "Buhu biyu nake so ran Juma'a. In ya ci da kyau, kowane mako daga wajenki zan ɗauka."

Inna ba ta taɓa samun mai ɗauka duk mako ba. Ranar har waƙa na ji tana yi a bakin turmi.

Mun gama curi ran Litinin. Talata ruwa ya sauko. In ya tsagaita mu fito da kwanon, ni gefe Inna gefe, hadari ya sake haɗowa mu koma da shi rumfa. Har Alhamis curin na nan da laushi, in na danna sai yatsana ya bar shaida.

Goggo, yayar Baba, ta leƙo ta same mu mun zuba musu ido.

"Ke, kina jiran rana ta aiko miki wasiƙa? Banda za ki yi musu, kamar kifi."

"Goggo, in ƙona itace don in busar da gawayi? Ai ribar ta bi hayaƙi."

"To zauna, ribar ta bi ruwa."

Inna ta sayo itace, shi ma jiƙaƙƙe. Muka ɗora kwanon a kan duwatsu, muka hura wuta a ƙasa. Itacen yana tsiyayar kumfa ta gindi, hayaƙi ya cika gida. Da wutar ta ƙi kamawa, Inna ta juye ragowar busasshen curin da muke girki da shi a ciki. Ina kallon curi mai kyau yana zama toka saboda ɗanye.

Da yamma bayansu ya yi tauri, ya yi fari-fari. Amma na san ƙarar busasshe. In ka gwara biyu, ƙas suke yi kamar tangaran. Waɗannan dum suke yi. Na ɗauki ɗaya na zaga bayan ɗaki na fasa. Cikinsa baƙi wuluk, da sanyi, ya manne mini a hannu. Na daɗe tsaye kafin na iya kawo mata.

"Inna, cikinsu..."

"Na sani," ta ce, ba ta ko duba ba. "Itacen ya ƙare."

Juma'a da safe muka zauna muna gwara su bibbiyu. Masu kyau ba su cika rabin buhu ba. Da Madam ta zo, Inna ta fasa mata ɗaya da hannunta.

"Haba Maman yara! Da kin kira ni tun Laraba."

"Na ɗauka rana za ta fito."

Madam ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa mai keke ya kai ta unguwar Malam Inna wajen masu gawayin buhu. Ko rabin buhun ba ta ɗauka ba.

Sauran curin suka yi funfuna saboda sitacin. Mu muka yi ta girki da su har ƙarshen damina, tuwo yana warin hayaƙi. Madam ba ta sake kira ba, Inna kuma ba ta kira ta ba.