Tsumman da Yaya ya ɗaura a saman bene

Shekara ashirin da uku yayana yana hawa tsani ɗaya. Ƙarfe bakwai na safe, ko ruwa ake ko rana, zai hau saman benen cibiyar binciken iska da yake wa aiki, ya buɗe injin da ke zuƙar iska, ya zare 'yar takarda zagayayya da hantsaki, ya sa sabuwa. Fara fat take shiga, washegari ta fito toka-toka. Masana su ɗora ta a sikeli, su faɗi yawan dattin da huhunmu ya sha jiya, da abin da yake yi wa zafin gari da ruwan sama. Su ke da ofis mai sanyi, shi ke da tsani.

Saboda takardar nan ya bar sigari. Ko turare ba ya shafawa sai ya sauko. Matarsa takan ce, "Ɗanmu na fari ma bai samu wannan lallaɓar ba."

Bara aka kawo sabuwar shugaba, Dakta, yarinya sa'ar 'yarsa. Ta duba alƙaluma ta ga a wasu ranakun Laraba takardar na fitowa baƙa ƙirin, nauyinta ninki uku, wasu kuma lafiya lau. Ta ce dattin hannu ne, tsoho ya fara sakaci. Ta ba shi takardar tuhuma: sati biyu, ya yi bayani ko a sallame shi. Saura shekara biyu ya kai fansho fa!

Ya zo gidana da takardar a aljihu, ya zauna yana murza gwiwa.

"Yaya, ka buɗe baki mana! Kai da ko numfashi ba ka yi a kan abin nan?"

"Ke dai da zafin kai. Mai ilimi ce, lissafi ta gani."

"Lissafin ya taɓa hawa tsani?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sai ya ce yana da abin nunawa, kunya ce ta hana shi.

Ashe tun shekarar farko ya ɗaura tsumma a wani ƙarfe a saman benen. Safe da yamma yana rubuta inda tsumman ya nufa da warin da hancinsa ya ji, a littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ba wanda ya sa shi. Littafi goma sha ɗaya cikin kwali a ƙarƙashin gado. Na ce wallahi ko ya kai su ko ni in kai, kuma ya san bakina.

Ya kai. Dakta ta ɗaga shafi biyu ta ajiye.

"Baba, tsumma ai ba kayan awo ba ne."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Amma ki daure ki hau ranar Talata da la'asar."

Ta hau, takalmi a hannu, karo na farko tun zuwanta. Bayan tashar mota ana ƙona tsoffin tayoyi don a cire wayar ciki, duk Talata. Ran nan tsumma ya juyo gida, wato iska daga tasha take busowa wajen bene. Hayaƙi ya bi ta kan makarantar firamare, ya zo ya same su a tsaye. Ta sauko tana tari, farin mayafinta duk ɗigo-ɗigon baƙi. Ta ɗauki littattafan ta gwada da alƙalumanta. Duk Talatar da ya rubuta "ya juyo gida, warin roba", Larabarta baƙa ce.

Aka janye tuhuma. Aka buga rahoto, hukuma ta hana ƙona taya a wurin. A shafin ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta: "Muna godiya ga ma'aikatan fili." Tuhuma a rubuce da sunansa, godiya kuma a dunƙule! Ban haƙuri ko a fatar baki ban ji an yi ba.

Na faɗa masa haka. Ya ce, "Ki bari. Larabar nan toka-toka ta fito."

Yanzu sun sayo na'urar nuna inda iska ta nufa sun kafa kusa da ƙarfen. Tsumman yana nan. Dakta ta ce kada a kwance shi.